Wa ya kamata ya riƙe biron ƙungiyar masu raunin ƙwaƙwalwa?

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Difa, ta ratsa gundumomi uku na jahar Maraɗi waɗanda muke son yin magana a kansu yau: Gidan Rumji daga yamma, sa'an nan Agiye, sa'an nan Gazawa, wadda aka cire daga Agiye ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011. Hanya ce mai albarka, domin ta kanta ake fitar da gero da wake da gyaɗa da aya zuwa manyan kasuwanni. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta a Tibiri ko Cadawa ranar kasuwa ya ga yadda manyan motoci da amalanke da baburan kabu-kabu suke gogayya a kan faɗin hanya guda, kuma ya san cewa yawancin masu hawa babur kansu tsirara yake, ba hular kwano.

Idan hatsari ya auku, wanda ya rasu ana yi masa sutura, a karɓi gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wanda ya karye ana kai shi wurin mai ɗori ko gidan likita, kowa yana ganin karan da aka ɗaure masa, kowa yana ce masa sannu. Akwai mutum na uku wanda ba a cika tunawa da shi ba. Shi ne wanda ya bugu a kai, ya suma, ya farfaɗo, aka ɗinke masa fata, aka sallame shi. Bayan wata biyu gashi ya rufe tabon, jama'a suka ce ya warke. Matarsa da uwarsa su kaɗai suka san cewa mutumin da ya komo gida ba kamar wanda ya fita ba ne. Yana manta abin da aka faɗa masa da safe, yana fusata a kan abin da bai kai ya kawo ba, lissafin kasuwa ya gagare shi, ya kan tafi gona ya rasa hanyar komowa. Wani maganarsa ta sarƙe, wani farfaɗiya ta kama shi alhali kuwa babu ita a danginsu.

Likitoci sun bayyana dalilin haka. Kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Sashen da ke bayan goshi shi ne mai riƙe da haƙuri da kunya da tsara aiki daki-daki, saboda haka idan ya taɓu halin mutum ya kan sauya. Ga mafi yawan mutane, magana tana ɓarin hagu. Kowane ɓari kuwa yana mulkin kishiyarsa a jiki, shi ya sa rauni a hagun kai ya kan shanye hannun dama. A ƙauye ba a faɗin haka. Sai a ce iskoki ne, ko sammu, ko kuwa a ce lalaci ne ya same shi tun da ya ɗanɗana kwanciya.

Ba hanya kaɗai ke kawo wannan rauni ba. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da sanƙarau yake yi wa dirar mikiya da rani, kuma a annobar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum wajen 8,500 da suka kamu a Nijar, 573 suka rasu. Hukumar ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga wannan cuta, ɗaya ya kan saura da wata illa mai daɗewa, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin tunani. Ga masassarar cizon sauro mai hawa kan yara da damina, ga shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, ga jaririn da ya daɗe bai yi kuka ba a haihuwa mai wuya, ga saurayin da ya faɗo daga kan gawo yana sassaɓo wa dabbobi ganye. Idan aka haɗa waɗannan duka, da wuya a samu ƙauye tsakanin Cadakori da Gangara wanda ba shi da gida ɗaya mai irin wannan jinya.

To, wace ƙofa waɗannan bayin Allah za su ƙwanƙwasa? Ƙasa ba ta yi barci ba a kan sha'anin naƙasassu. Akwai doka mai lamba 93-012 ta ranar 2 ga Maris 1993, akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu wadda Nijar ta amince da ita a 2008, akwai dokar 10 ga Disamba 2019 a kan shigar da su cikin al'amuran jama'a. Akwai kuma tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, watau FNPH, inda makafi suke da ƙungiyarsu, kurame da tasu, guragu da tasu. Amma wanda ya bugu a kai yana gani, yana ji, sau da yawa yana tafiya da ƙafafunsa. In ya je wurin guragu, ba gurgu ba ne. In an kai shi wurin masu taɓin hankali, iyalinsa su ji an ci musu mutunci. Ya zama ɗan tsakani.

Sauran ƙasashe sun sha wannan wuya kafin mu, kuma iyalan majinyata ne suka tashi da kansu. A Ingila an kafa ƙungiyar Headway a 1979. A Amurka iyayen wata yarinya da ta yi hatsarin mota suna cikin waɗanda suka kafa tasu a 1980. A Faransa ƙungiyoyin iyalan waɗanda suka bugu a kai sun haɗu wuri ɗaya a 1986. Dukansu mutanen sa kai ne suke riƙe da ragamarsu, ba a biyansu albashi a kan kujerar da suke kai. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da iyalan gundumomin nan uku za su yi haka. Sai dai kafa ƙungiya ba shi ne wuya ba a ƙasar nan, mun ƙware a kai. Wuyar tana ga wanda za a ɗora a kan biro.

A ƙungiyar makafi, makaho ne shugaba, kuma yana iya tsayawa gaban perefe ya kare 'yan uwansa da hujja. A ƙungiyar guragu, gurgu ne ma'aji, ba mai iya yi masa wayo a kan dala ɗaya. Amma raunin ƙwaƙwalwa yana cin kayan aikin shugabanci ne kansu: tunawa, lissafi, magana, haƙurin zama taro. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar ba za su iya tuna abin da aka yanke a taron watan jiya ba, balle su tambayi inda kuɗin zubi ya shiga. Ke nan dole waɗansu su riƙe musu. Wanda ya riƙe wa mutumin da ba ya iya bin sawunsa kuwa, hukuncinsa ɗaya da mai riƙon dukiyar maraya. Babu wata ƙungiya da cin amana ya fi sauƙi a cikinta kamar wannan, domin wanda aka cuta ko ya yi ƙara sai a ce ai kansa ba daidai ba ne.

Mun san yadda aka saba kafa biro a wurinmu. Ana zama a zaure a jera sunayen manya. Shugaba, a ɗauko ɗan gari mai muƙami wanda yake zaune a Yamai, sai salla-salla ake ganinsa. Ma'aji, a ɗauko babban ɗan kasuwa, wai shi ya ƙoshi ba zai ci ba, a manta cewa kuɗin ƙungiya in ya shiga aljihun ɗan kasuwa ya kan gauraya da jari ko da ba da mugun nufi ba, ranar da ake bukatarsa a ce yana cikin buhunan aya. Sakatare, a ɗauko ma'aikacin gwamnati domin ya iya faransanci, bayan shekara guda a canza masa wurin aiki ya tafi da hatimi da littafi cikin akwatinsa. Irin wannan biro ba ya taruwa sai an ji labarin baƙi masu kawo tallafi suna tafe. Ranar nan kowa ya sa babbar riga, a kawo majinyata biyu ko uku a zaunar da su gaba domin hoto, a karɓi kuɗin zama, a watse. In tallafi ya ƙare, abin da ya kan saura shi ne allon ƙarfe mai tsatsa a bakin hanya.

Wani zai ce: ai ba a raina manya, su ne masu buɗe ƙofa, talaka ba ya shiga ofishin gwamna sai da jagora. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a kore su ba. A ba babban mutum girmansa, a kira shi uban ƙungiya, a gayyace shi babban taro, a nemi ya yi magana inda maganarsa take da nauyi. Sarkin gari da limami da ɗan gari mai muƙami duk suna da wuri a nan. Abin da muke cewa shi ne kada a ba su mabuɗin akwati, kada a ba su littafi, kada kuma taro ya tsaya jiran zuwansu.

Kujerun aiki na waɗanda jinyar take cikin ɗakinsu ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da take ɗaure ɗanta mai shekara goma a baya ta kai shi likita, matar da mijinta ya daina noma ta koma ita ce mai ciyar da gida, ƙanen da ya bar zuwa cin rani domin ya tsare wansa, waɗannan ba za su manta da ranar taro ba, domin bukatarsu ce. Tun da yake mata ne suka fi yawa a wannan jinya, biron da ba rabinsa mata ba ya fara da karkata. Kuma lalle ne a keɓe kujera ɗaya ko biyu ga majinyatan da suka sami sauƙi, ko da sai an zaunar da wani kusa da su yana tuna musu abin da aka faɗa, a kuma yi haƙuri da su in maganarsu ta yi nauyi. Biron da yake magana a kan mutane alhali babu ko ɗayansu a ɗakin, da sannu zai fara yanke abin da ya fi masa sauƙi.

Kada wani ya ce talakawan karkara ba su iya riƙon amana da tsari ba. A jahar Maraɗin nan ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tare da taimakon ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Matan da mafi yawansu ba su taɓa shiga lakkol ba suka riƙe asusu shekara da shekaru. Asirinsu a fili yake: akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku dabam, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga kuɗin da ƙarfi kowa yana ji. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, kwamitin ƙauye ne na masu sa kai, har da mata da makiyaya a ciki, ya tsare itatuwan da manoma suke rainon su a gonaki, har labarin ƙauyen ya kai ƙasashen waje. Ba daga Yamai aka kawo musu shugaba ba. Ƙungiyar masu raunin ƙwaƙwalwa ta ɗauki tsarin kwaɗo uku yadda yake, ba sai ta ƙara masa komi ba.

A nan ne muke kira gare ku, ku da kuka gama karatun yaƙi da jahilci. Sau da yawa mutum ya kan karɓi takardar shaidarsa ya adana ta cikin kwalla, karatun ya yi ta dushewa don babu inda ake aiki da shi. Ga wurin aiki ya samu. Kujerar sakatare da ta masu binciken kuɗi naku ne. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinku ba: littafi ɗaya na sunaye, littafi ɗaya na shigar kuɗi da fitarsu, littafi ɗaya na abin da taro ya yanke, da kwanan wata a kan kowane shafi. A ƙungiyar da 'ya'yanta suke fama da mantuwa, littafin sakatare shi ne tunanin ƙungiya. A rubuta shi da Hausa, ko da boko ko da ajami, a karanta shi da ƙarfi a farkon kowane zama. Mu da aikinmu fassara ne mun sha ganin dokokin ƙungiya shafi goma sha biyar da faransanci, waɗanda aka kwafo daga na wata ƙungiya, kowa ya dangwala yatsa ba wanda ya san abin da ke ciki. Tun watan Maris na 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki. A ajiye kwafin faransanci domin ofis, amma wanda ake aiki da shi a zaure ya zama na Hausa.

Mene ne aikin wannan biro, in ba jiran baƙi ba? Na farko ƙidaya. A bi ƙauye-ƙauye, tare da majon likita na kowane yanki da masu unguwanni, a rubuta wane ne, shekarunsa nawa, me ya same shi, wa ke jinyarsa. Ƙungiyar da ta shiga ofis da littafi mai sunaye da ƙauyuka ana saurarenta dabam da wadda ta shigo tana cewa muna da yawa. Na biyu rakiya. Mai jinya daga ƙauye in an tura shi babban asibitin Maraɗi, ko har Yamai mai nisan kilomita fiye da 600, ya kan ruɗe tsakanin ƙofofi, ya kashe guzurinsa ya komo bai ga likitan da aka aike shi wurinsa ba. Mutum ɗaya na biro wanda ya san hanya ya isa ya hana wannan hasara. Haka kuma maganar takardu bayan hatsari: doka ta wajabta wa masu motoci inshora domin biyan wanda suka raunata, amma in ba a sami takardar binciken jandarma da ta likita tun da wuri ba, haƙƙin ya kan salwanta, kuma iyalin da ke tsaye a kan mai suma ba su da hankalin bin takarda.

Akwai maganin farfaɗiya, wanda ba shi da tsada ƙwarai amma ba ya son yankewa. Wanda ya sha wata uku ya bari don kuɗi sun ƙare, ciwon ya kan dawo masa, wani lokaci a bakin wuta ko bakin rijiya. In zubin dala ashirin a wata bai yi komi ba sai tabbatar da cewa maganin mutum goma bai yanke ba, ƙungiya ta biya bukata. Akwai kuma zuwa wurin daraktan lakkol a roƙi kada a kori yaron da sanƙarau ya bar shi da nauyin fahimta, a zaunar da shi gaba. Sai maganar hular kwano: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage hatsarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai 74 cikin 100. In uwar wanda ya bugu ta tsaya a tashar 'yan kabu-kabu ta faɗi haka, ya fi takardar tara shiga kunne.

Aikin sa kai ne, ba albashi, ba kuɗin zama. Amma kada a mai da shi hukunci a kan talaka. Matar da ta bar sana'arta ta hau mota daga Gazawa zuwa Maraɗi domin ta raka majinyaci, a mayar mata da kuɗin motarta, a rubuta a littafi, masu bincike su gani. In ba a yi haka ba, mai hali kaɗai zai iya zama a biro, mun koma gidan jiya. Kuma a sa wa kowace kujera wa'adi tun ranar farko, shekara biyu, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Ba don zargi ba. Jinya tana gajiyarwa, wanda yake ɗauke da ita a gida kuma ya ɗauki ta ƙungiya shekara goma, ko dai ya gaji ya saki, ko kuwa ya fara ganin ƙungiyar gadonsa ce.

Wajen tsari, a lura da abu biyu. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 ta shar'anta a bayyana ƙungiya ga hukuma a sami izini kafin a fara aiki, tare da sunayen masu gudanar da ita, ta kuma hana ƙungiyar da aka gina a kan ƙabila ko ɓangaranci. Saboda haka a gina ta a kan ciwon, ƙofarta a buɗe ga Bahaushe da Bafulatani da Buzu da duk ɗan ƙasa. Na biyu, tun da birnin Maraɗi yana tsakanin Gidan Rumji da sauran gundumomin biyu, za a so a ce biro ya zauna can don sauƙi. In an yi haka 'yan birni za su cinye kujerun cikin shekara guda. Gara kowace gunduma ta yi ƙaramin bironta mai taruwa ranar kasuwa, lokacin da mutanen ƙauye suke shigowa da ma, babban taro kuwa ya riƙa zagayawa, bana Agiye, baɗi Gidan Rumji, baɗin baɗaɗa Gazawa.

Ku kuma ma'aikatan hukuma, perefe-perefe da shugabannin komin da jami'an kula da jin daɗin jama'a, abin da ake nema gare ku kaɗan ne. In iyalai sun kawo takardar neman izini, kada ta kwana wata shida a cikin durowa. Ku ba su aron ɗaki ɗaya na yin taro. Ku ƙi karɓar kujera a biron ko an yi muku tayi don kunya, domin wanda zai binciki ƙungiya bai kamata ya zama ɗan bironta ba. Sau ɗaya a shekara ku nemi a kawo muku littattafan nan uku ku duba, ku sa hannu. Ranar 31 ga Yuli, ranar naƙasassu ta ƙasa, ta dace da wannan: a yi babban taro, ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, masu bincike su ce sun gani ko ba su gani ba, kuma duk wanda wa'adinsa ya cika ya miƙa littafi da mabuɗi ga mataimakin da ya yi shekara biyu yana koyo a gefensa, a gaban idon jama'a.